Abin da Ake Gada Idan Garkuwar Jiki Ta Juyo Kan Mai Ita

Cutar sikila ce ta koya wa yawancinmu lissafin gado. AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, takardar gwaji guda kuma ta isa ta warware baiko. Tsabtar wannan lissafi ta sa da zarar likita ya ce wata cuta tana bin jini, sai mu ɗauka ita ma haka take: ƙwayar gado ɗaya, gwaji ɗaya, amsa ɗaya. To akwai rukunin cututtuka da ba su san wannan ƙa'ida ba ko kusa, alhali gado na da hannu dumu-dumu a cikinsu. Su ne waɗanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita: lufus, amosanin gaɓɓai nau'in rumatoyid, ciwon sukari nau'i na ɗaya da ya fi kama yara, wasu nau'o'in maƙoƙo da ciwon ƙoda. An ƙirga irinsu sama da 80.

Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne sak. In Hassana na da sikila, Husaina ma na da ita, babu ja. Amma wani binciken tagwaye da aka wallafa a Amurka a 1992 ya nuna cewa a lufus, idan ɗaya ta kamu, kashi 24 cikin ɗari ne kawai ake samun ɗayar ma ta kamu. A tagwayen ƙwai biyu kuwa, kashi 2 ne. Tazarar da ke tsakanin 2 da 24 ita ce nauyin gado. Wadda ke tsakanin 24 da 100 kuwa ta fi faɗi, kuma dalilinta na farko yana cikin yadda jiki ke ƙera makamansa.

Antibodi furotin ne da wasu fararen ƙwayoyin jini, masu suna ƙwayoyin B, ke ƙerawa. Kowanne na da bakin da ya dace da abu guda tak, ko fatar ƙwayar ƙyanda, ko dafin da ke sa ciwon sarƙe haƙora. Shi ne ribar da ake nema a allurar rigakafi. Sai dai babu wanda ke gadon tsarin antibodinsa a shirye a ƙwayoyin gadon iyayensa. A 1976 Susumu Tonegawa, ɗan Japan da ke aiki a Basel ta Suwizalan, ya nuna cewa kowace ƙwayar B tana yanka guntayen DNA ɗinta ta harhaɗa su yadda ta faɗa, ta fito da bakin antibodi na ƙashin kanta. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel a 1987. Saboda haka Hassana da Husaina ma antibodinsu sun sha bamban, don kowacce jikinta ya yi nasa harhaɗin.

Abin da aka harhaɗa da ka kuwa dole a samu wanda ya dace da naman mai shi. Yawansu ma ya ba masana mamaki. A 2003 ɗakin binciken Michel Nussenzweig da ke New York ya gano cewa sama da rabin sababbin ƙwayoyin B da ke tasowa a ɓargon mutum mai lafiya suna ɗauke da antibodin da ke iya kama wani sashe na jikinsa. Ana tace su ne a matakai, a kashe wasu, a sa wasu su sake baki, a ladabtar da saura. Paul Ehrlich na Jamus ya yi hasashe tun farkon ƙarni na 20 cewa jiki na da hanyar kare kansa daga irin wannan ɓarna, sai waɗanda suka biyo bayansa suka mai da zancen tamkar abin ba ya yiwuwa ma sam. A haka aka zauna har 1956, shekarar da Ivan Roitt da Deborah Doniach suka samo antibodi masu harin gida a jinin masu maƙoƙon Hashimoto a Landan, Noel Rose da Ernest Witebsky kuma suka haddasa makamanciyar cutar a jikin zomaye a Buffalo.

Ke nan ba a rasa 'yan harin gida a jikin kowa. Tambayar ita ce wa ke ba su izini su girma, kuma me ya sa a wannan mutum suka nufi gaɓɓai, a wancan ƙoda. A nan gado ke shigowa, ta wata unguwa a kuromosom na 6 da ake kira HLA. Bafaranshe Jean Dausset ne ya fara gano ɗaya daga furotin ɗinta a 1958.

A ɗauki furotin HLA a matsayin farantin talla. Wasu ƙwayoyin garkuwa kan haɗiye duk abin da suka tsinta, na baƙo da na gida, su daddatsa shi, su ɗora guntayen a wannan faranti da ke bisa fatarsu. Ƙwayoyin T ne masu wucewa suna dubawa. Ƙwayar B ba ta iya fitar da antibodi mai ƙarfi, mai daɗewa, sai ƙwayar T ta ga guntun a faranti ta amince. Farantin kuwa yana da ramuka, kuma siffarsu ta bambanta daga mutum zuwa mutum: nau'o'in HLA da aka sani sun kai dubbai, kowa da waɗanda ya karɓa daga uwa da uba. Guntun da bai zauna a raminka ba, ƙwayoyin T ɗinka ba za su gan shi ta wannan hanya ba.

Babu inda aka bi diddigin wannan kamar amosanin rumatoyid, cutar da ke kumbura ƙananan gaɓɓan hannu biyu lokaci guda, mai ita ta wayi gari yatsunta a sage, ta shafe awa guda ko fiye kafin ta iya riƙe ludayi. A ƙarshen shekarun 1970 Peter Stastny, a Dallas, ya lura masu cutar sun fi sauran jama'a ɗaukar nau'in HLA da ake kira DR4. Amma akwai masu cutar da ba su da shi. A 1987 Peter Gregersen da Jack Silver da Robert Winchester suka kawo bayani: nau'o'in DR daban-daban da ke jawo haɗarin sun yi tarayya a 'yan amino asid biyar, wato tubalan furotin, daga na 70 zuwa na 74, a gefen ɗaya daga ramukan. An yarda da bayanin, sai dai abin da ramin ke riƙewa bai fito ba tukuna.

Daga Nijmegen ta ƙasar Holan amsar ta fito a 1998. Walther van Venrooij da abokan aikinsa suka gano cewa antibodin da ya keɓanta da wannan cuta yana farautar furotin ne da aka ɗan sauya wa kama. Akwai wani amino asid mai suna arginin. Idan nama ya yi kumburi ko ƙwayoyi suna mutuwa, wani sinadari kan mai da shi sitrulin. Sauyin ƙarami ne ƙwarai, amma arginin na ɗauke da cajin lantarki, sitrulin kuwa ba shi da caji. Wancan rami da Gregersen ya nuna cajinsa iri ɗaya ne da na arginin, iri ɗaya kuwa tunkuɗe juna suke yi, don haka guntun furotin na asali ba ya zama a ciki. Da zarar ya koma sitrulin sai ya zauna daram. Mutum ya rayu shekara arba'in garkuwarsa ba ta taɓa ganin wannan guntu ba, rana ɗaya a ɗora mata shi a gaba. Daga wannan bincike aka samo gwajin anti-CCP da asibitoci ke yi yau.

Da gwajin ya shiga hannu, sai aka koma aka raba marasa lafiya biyu. A 2005 masu bincike a Leiden suka nuna cewa waɗannan nau'o'in HLA suna tafiya ne da masu anti-CCP kawai. Wanda ke da ciwo iri ɗaya, kumburi iri ɗaya, amma babu antibodin a jininsa, kusan ba ruwansa da su. Shekara guda bayan haka Lars Klareskog na Cibiyar Karolinska da ke Stockholm ya ƙara ƙafa ta uku. Mai shan taba da ya gaji nau'in daga uwa da uba duka, haɗarin kamuwarsa da amosani mai anti-CCP ya ninka na wanda ba ya sha kuma bai gada ba sau 21. Hayaƙin taba na ƙara yawan furotin mai sitrulin a huhu. Wato ciwon da zai bayyana a yatsu yana iya kasancewa a huhu ya soma. An ga makamancin haka da ƙurar dutse, irin wadda masu fasa duwatsu da masu haƙar ma'adinai ke shaƙa.

A ganina wannan ne darasi mafi girma a fagen baki ɗaya. Sunayen cututtukan nan likitoci ne suka raɗa su da ido, daga abin da suka gani a gadon asibiti tun kafin a san DNA. Ƙwayoyin gado kuwa ba sunan suke bi ba, antibodin suke bi. An tabbatar da haka ƙarara a 2012, lokacin da ƙungiyar Kenneth Smith ta Jami'ar Cambridge ta binciki masu wani kumburin ƙananan jijiyoyin jini da ke lalata ƙoda da huhu. A littattafai an raba shi gida-gida bisa alamomi. Da aka duba ƙwayoyin gado, rabon bai yi daidai da na littafi ba kamar yadda ya yi daidai da antibodin da ke jini. Masu antibodin da ke kai wa furotin PR3 hari sun yi tarayya a abu uku: wani nau'in HLA-DP, da ƙwayar gadon da ke ƙera PR3 ɗin kansa, da wadda ke ƙera furotin da ke danne shi. Masu antibodin MPO kuwa HLA-DQ ne nasu. Faranti, da abin da za a ɗora a kai, da mai hana shi yawa: da wuya a samu hujjar da ta fi wannan tsabta. A wani ciwon ƙoda da ke sa furotin zuba a fitsari har jiki ya kumbura, binciken da aka yi a Faransa da Holan da Birtaniya a 2011 ya samu abu biyu kacal, HLA-DQA1 da ƙwayar gadon furotin PLA2R da antibodin ke kamawa. Wanda ya gaji nau'in haɗari na kowanne daga iyaye biyu, yiwuwar kamuwarsa ta ninka kusan sau 80.

Ciwon sukarin yara ya ƙara nuna cewa gado har lokaci yake tsarawa. Daga 2004, shirin TEDDY ya gwada jarirai sama da 400,000 a Amurka da Finlan da Jamus da Suwidin, ya ware sama da 8,600 masu HLA mai haɗari, ana ɗibar jininsu a kai a kai. Yaran da ke da DR4-DQ8, antibodin farko da ya fi fito musu shi ne mai kai wa insulin hari, kuma da wuri yake zuwa, wajen cikarsu shekara ɗaya. Masu DR3-DQ2 kuwa sun fi farawa da mai kai wa furotin GAD hari, wanda ke zuwa daga baya, a hankali. Ƙarshen hanyoyin biyu ɗaya ne, lalacewar ƙwayoyin da ke yin insulin. Tarin bayanan da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa yaron da aka samu da antibodi iri biyu ko fiye, kusan kashi 70 cikin ɗari na irinsa sun kamu cikin shekara goma. Ga masu irin waɗannan antibodi ake bayar da maganin teplizumab da Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2022, wanda ke jinkirta bayyanar cutar da kimanin shekara biyu. Wani abin lura: nau'in DQ6 yana ba da kariya mai ƙarfi daga wannan ciwo, amma shi ne kuma ake samu a kusan duk masu cutar nan da ke sa barci ya fizge mutum tsakar rana yana cikin magana. Ba a iya jera HLA a ce wannan nagari, wancan mugu.

HLA ke zaɓar inda za a nufa. Wasu ƙwayoyin gadon kuwa tacewar suke sassautawa, ko ina abin ya faɗa. Wani sauyi a PTPN22 da aka gano a 2004 yana ƙara haɗarin sukarin yara, da rumatoyid mai antibodi, da lufus, da maƙoƙon Graves, kuma ko masu lafiya da ke ɗauke da shi an samu ƙwayoyin B masu harin gida sun fi yawa a jininsu. Irinsa sun kai ɗaruruwa, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri, sai sun taru. Ƙalilan ne ke aiki su kaɗai irin na sikila. Wanda ya gaji lalatacciyar ƙwayar C1q daga iyaye biyu, jikinsa ba ya kwashe gawar matattun ƙwayoyi yadda ya kamata, kuma kimanin tara cikin goma na irinsu lufus na kama su, galibi tun suna yara. An fi samun wannan a gidajen da ake auren zumunci. Haka AIRE, wadda aka gano a 1997, mai nuna wa ƙwayoyin T samfurin furotin na sassan jiki tun suna horo don a cire masu kai musu hari. Masu lalatacciyarta kusan dukansu na da antibodin da ke toshe intaferon, sinadarin da jiki ke fara tarar bairos da shi. Abin ya zama kamar na littafi kawai, sai a 2020 aka samu irin wannan antibodi a mutum 101 cikin 987 da korona ta kai su bakin mutuwa, 95 daga cikinsu maza.

Lufus kuwa mata ta fi so, tara cikin goma. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadaran jinsi kaɗai, amma mazan da aka haifa da kuromosom X biyu haɗarinsu ya ninka na sauran maza kimanin sau 14. A kan X ɗin akwai TLR7, wadda ke ingiza ƙwayoyin B idan ta ji RNA, kuma a 2022 an nuna cewa sauyin harafi ɗaya a cikinta ya isa ya haddasa lufus mai tsanani. A nan ma kowane antibodi da nasa: anti-Ro da anti-La sun fi bin DR3, anti-Sm da anti-RNP kuma sun fi yawa a marasa lafiya 'yan asalin Afirka. Anti-Ro na da wani hali da ya kamata mai ciki ta sani. Yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, kuma a kimanin biyu cikin ɗari yana lalata wayoyin bugun zuciyarsa. In ya faru sau ɗaya, haɗarin a ciki na gaba yana kusantar ɗaya cikin biyar. Haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, yana rage shi.

Duk da haka samun antibodi a jini ba shi ne kamuwa ba. Rundunar sojan Amurka na adana jinin dakarunta, kuma a 2003 aka koma ga tsofaffin samfuran mutum 130 da lufus ta kama daga baya. Kashi 88 cikin ɗari na da antibodi tun kafin a gano cutar, wasu da sama da shekara tara. Amma kuma sama da mutum ɗaya cikin goma na jama'ar Amurka gwajin ANA ɗinsu, mai neman antibodi masu harin gida, na nuna alama, yawancinsu lafiya lau. Haka abin yake da HLA: kusan sulusin Turawa na da DQ2 ko DQ8, nau'o'in da cutar ƙin alkama ba ta kama mutum sai da su, amma 'yan kaɗan ne a cikinsu ke kamuwa. Don haka duk wanda ya zo da shawarar a ƙara gwajin HLA cikin gwaje-gwajen kafin aure, kuɗin jama'a kawai zai ci, ya raba masoya a banza.

Najeriya na da gurbi a tarihin wannan fage. A 1968 Brian Greenwood, likita ɗan Ingila da ke Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda daga baya ya shafe shekaru goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta a mujallar Lancet cewa cututtukan nan sun yi ƙaranci a marasa lafiyar da ake kwantarwa, alhali baƙar fatan Amurka, waɗanda yawancin kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, lufus ta fi kama su fiye da Turawa. Ya zargi zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da ke shagaltar da garkuwa. A 1970 shi da abokan aikinsa suka sa wa ɓerayen da ke gadon lufus maleriya, cutar ta lafa musu. Daga baya likitocin gaɓɓai na gida, irin su Olufemi Adelowo a Legas, suka nuna cewa lufus na nan da yawanta, rashin masu ganewa da rashin kayan gwaji ne suka ɓoye wani kaso nata. Amma alaƙar da sauro ba ta mutu ba. Ƙwayar gado FCGR2B birki ce a kan ƙwayoyin B. Akwai nau'inta mai rauni da ya fi yawa a Afirka da Kudu maso Gabashin Asiya, kuma a 2010 aka nuna cewa gadonsa daga iyaye biyu na ƙara haɗarin lufus, yana kuma kare yaran Kenya daga maleriya mai tsanani. Cinikin da aka yi da sikila ke nan, cuta a bakin kariya daga maleriya, ta wata fuskar.

Yawan irin waɗannan cututtuka na da tasiri har a takardar gwaji. Maleriya mai maimaituwa, da tarin fuka, da ciwon hanta duk kan ɗaga sinadarin RF, tsohon gwajin rumatoyid. Mai ciwon gwiwa a Gusau ko Maraɗi da RF ɗinsa ya nuna alama bai kamata a ɗora shi kan magungunan danne garkuwa da wannan kaɗai ba. Anti-CCP ya fi keɓanta, ko da yake shi ma tarin fuka kan ɗan motsa shi.

Babbar matsalar ita ce da jinin Turawa aka zana taswirar. Ƙididdigar da aka yi a 2019 ta nuna kusan kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 2, alhali babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin gado. Sauyin PTPN22 da ya cika littattafai a arewacin Turai ya fi yawa, a Afirka kusan babu shi. Nau'in DR4 da ya fi jawo rumatoyid a Suwidin ba kasafai ake samunsa a Afirka ta Yamma ba, kuma hakan bai hana mutane kamuwa da cutar mai anti-CCP ba. A 2025 wani bincike da Jean Claude Katte na Kamaru ya jagoranta ya duba matasan da aka ce suna da sukari nau'i na ɗaya a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu. Kimanin kashi 65 cikin ɗari ba su da ko ɗaya daga antibodin da aka saba nema, tsarin gadonsu ma bai yi kama da na masu cutar a Turai ba. Insulin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai, allura suke buƙata kamar kowane yaro mai wannan ciwo. Amma gwajin jarirai irin na TEDDY ba zai hango su ba, teplizumab kuma, da sai an ga antibodi biyu ake bayar da shi, ba nasu ba ne.